Rabon Morup

Ina tsaye da butar shayi a hannu, ina cika kofin 'yata Diskit wadda ke aikin jinya a Jammu, sai na ji an turo ƙofa. Safiyar Losar ce, ranar farko ta sabuwar shekara. Duk ɗan gidan da bikin ya riske shi a nesa, ajiye kofinsa muke yi a wurin zamansa, mu cika shi, kamar yanzu zai shigo ya ɗauka. Na zaci baƙon farko ne ya yi sammako, har na fara gyara murya don gaisuwa.

Stobdan ne, ɗan ƙanen mijin ƙawata Palkit. Babu farin gyalen gaisuwa a hannunsa, babu hula a kansa, gashin bakinsa duk ƙanƙara.

"Goggo Chorol," ya ce, "ki ajiye butar."

"Kai, haka ake shiga gidan mutane ranar Losar? Ina gaisuwar?"

"Ki ajiye butar tukuna."

Na ajiye.

"Inna Palkit ce. Na same ta a kan tudu, a zaune, ta jingina da bango. Na yi mata magana, na taɓa hannunta..." Sai ya kasa ƙarasawa.

"Wane tudu?" na ce, alhali tudu ɗaya ne ake hawa a wannan safiya.

A saman ƙauyenmu kowane dangi yana da ɗan ginin ƙasa inda yake ƙona mamatansa. Da asubar Losar mazan gida kan hau can da fitila da abinci, su kira sunayen waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, su ajiye wa kowa rabonsa a kan dutse. Shimi muke ce masa. Stobdan ya hau ne don ya yi na gidansu, sai ya tarar an riga shi.

Gwiwoyina sun daɗe da daina hawan tudu, amma ranar sun hau. Stobdan ya riƙe ni ta gefe ɗaya, maigidana ta ɗaya gefen. Mun same ta yadda ya faɗa. Ta naɗe ƙafafu, hannayenta cikin hannun riga, kanta ya ɗan karkata kamar mai sauraron wani yana ba ta labari. Fitilar man shanu ta mutu. A kan dutsen gabanta akwai gurasa, da dunƙulen garin sha'ir, da busasshen nama, da kofin katako mai bakin azurfa, shayin cikinsa ya daskare. Kofin ɗanta Morup ne. Kowa a ƙauyen nan ya san shi.

Hankaki sun jeru a kan duwatsu suna jira. Ba su taɓa abincin ba, saboda tana zaune kusa. Sai da muka ɗaga ta suka sauko.

Ni da Palkit shekara ɗaya aka kawo mu ƙauyen nan amare, ita daga kwarin sama, ni daga wajen Padum. A bakin maɓuɓɓuga muka fara haɗuwa, kowa da tulunta a baya, ni ina kuka don kewar gida. Ta tsaya ta dube ni daga sama, don doguwa ce sosai, ta ce, "Ke gajeruwa, in kuka za ki yi, matsa ki yi cikin tuluna ya cika da wuri." Na yi dariya da majina a fuska. Tun daga ranar Gajeruwa take kirana, ni kuma ina kiranta Sanda, har muka tsufa.

Bakinta da kaifi, hannunta da sauri. Man shanunta ya fi na kowa daɗewa bai lalace ba, tana ɗinke shi cikin fata ta matse har iska ba ta samun ƙofa. Mijinta ya mutu Morup yana ƙarami, ta yi noman sha'ir ita kaɗai, ta yi kiwo, ta hau rufin gida ta tara kashin shanu da ciyawar hunturu kamar namiji. Ɗa guda ta samu. Ya ɗauko tsawonta, ya ɗauko bakinta, saboda haka kullum cikin faɗa suke, kuma duk wanda ya shiga rabonsu sai su haɗu su koma kansa.

Idan sanyi ya kai maƙura, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin tsaunuka, kogi ne hanyarmu. Yana daskarewa, maza su ɗaura kaya a baya su bi kansa kwana da kwanaki har su fita wajen Leh, su sayar da man shanu su sayo gishiri da shayi da yadi. A shekarar da Morup ya auri Yangdol, bayan Losar da 'yan makonni, ya bi su. Da safen tafiyar sun yi cacar baki da uwarsa. Ya ce ya gaji da bin wutsiyar shanu, in ya ga dama zai zauna a Leh ya koyi tuƙi. Ta ce ya zauna mana, wa ya riƙe shi, ta huta da ciyar da ƙaton banza. Ina wurin, ina taya Yangdol ɗaure masa kaya. Har dariya muka yi.

Da shi aka baro Leh. A hanyar dawowa, a wani matsatsi inda ruwa ya hau kan ƙanƙara, mazan suka bar kogi suka hau gefen dutse ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ƙarshe. Da suka sauka a ɗaya gefen suka waiwaya, babu shi. Suka koma, suka yi ta kira, suka yini suna nema. Ba su ji ihu ba, ba su ga rami sabo ba, ba su tsinci sanda ko hula ko igiyar kaya ba. Da sun tsinci ko da safar hannu ɗaya, da rayuwar Palkit ta bi wata hanya.

Da suka zo suka tsaya a ƙofarta da kawuna a ƙasa, ta saurare su har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa ya gan shi ya faɗa?"

Suka girgiza kai ɗaya bayan ɗaya.

"To ya koma Leh ne. Ai ya faɗa mini da bakinsa. Ku shigo ku sha shayi, kun tsaya kamar awakin da aka kora daga gona."

Babban lama, malamin addininmu, ya sauko daga gidan ibada da kansa. Ya ce idan ba a samu gawa ba, ana yin addu'o'in da rigar mutum, a ƙona ta a kan tudu, don ran ya san ya mutu ya kama hanyarsa, kada ya yi ta yawo cikin sanyi yana neman gida. Palkit ta durƙusa, ta zuba masa shayi da hannu biyu, ta ce, "Ranka ya daɗe, rigar kirki ɗaya gare shi. In muka ƙona ta, ya dawo ya sa me?"

Da bazara wani ɗan kasuwa ya ce ya ga wani dogo mai kama da Morup yana wanke kwanuka a Manali. Ta ba shi man shanu dunƙule guda. Bayansa wasu ma sun gan shi, a Kargil, a Srinagar, duk inda mai son man shanu ya fito.

Losar ta farko bayan wannan ita ce gwajin. Gidan da aka yi mutuwa a shekarar ba ya biki. Ba a shafa wa ginshiƙai ɗigon gari, ba a jera 'yan awakin da ake murzawa da ƙullu a kan kantar kwanuka, baƙi ba sa shiga da gyale. Duk ƙauyen ya zuba ido. Palkit ta share gida, ta ɗiga gari a ginshiƙai har rufi, ta jera awakinta, ta sa Yangdol ta ɗora hular aurenta mai shuɗin duwatsu. Da yamma ƙanen mijinta, uban Stobdan, wanda ke kai shimi a lokacin, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Yaya, gobe in na hau... in kira sunan yaron?"

"Kira mana," ta ce. "Kana kiran nasa, ni kuma in hau in kira naka, mu ga wanda zai ji daɗi."

Da safe ta ajiye kofin Morup kusa da murhu ta cika shi. Mutane suka rasa yadda za su yi. Shiga da gyale yarda ce cewa yana raye, ƙin shiga kuma faɗa mata ne cewa ya mutu. Rana ta ɗaga babu wanda ya taka ƙofarta. Na ɗauki gyalena da tulun giyar sha'ir na tafi.

"Sai yanzu, Gajeruwa?" ta ce. "Ko ƙafafun ne ba sa nisa?"

"Naki masu nisan ina suka kai ki, Sanda? Ba ga ki nan a tsugune ba."

Ta karɓi gyalen. Bayana sauran suka biyo. Haka aka ci gaba kowace shekara. Kwanakin bikin duka, in shayin kofin ya huce man shanun da muke sa wa shayi ya taru a sama, sai ta juye a tukunya ta ɗumama ta mayar.

Yangdol ce ta fi shan wahalar abin. Yarinya ce, ba ta haihu ba, ba ta da miji kuma ba a ce mijinta ya mutu ba. Ta zauna shekaru tana tatsa tana ɗibar ruwa, kowace Losar a ɗora mata hular aure ta zauna gefen kofi. Daga baya wani mutumin ƙauyen ƙetaren kogi, wanda matarsa ta rasu, ya aiko neman ta. Ta roƙe ni in zauna a wurin ranar da za ta yi maganar.

"Inna," ta ce, "ki bari a yi masa addu'ar. Ki sake shi, ni ma ki sake ni."

"Igiya kika gani a ƙafarki?"

"In na tafi ba a yi ba, cewa za a yi na bar mijina yana raye."

"To ai abin da za ki yi ke nan."

"Inna, na rantse da Uku Masu Daraja da muke bauta wa, ina ganinsa a mafarki, jiƙe sharkaf, yana tsaye a ƙofa ya kasa shigowa."

Palkit ta miƙe, ta ɗauki bokitin tatsa ta fita, ko da yake ba lokacin tatsa ba ne. Da ƙanƙara ta narke Yangdol ta ƙetare gada da ƙunshin kayanta. Palkit ba ta sake ambatar sunanta ba. Amma da labari ya zo ta haihu, sai ga ta a gidana da man shanu a ɗinke cikin fata. Ta dangwarar a gabana ta ce, "Ya yi mini yawa. Ki ba duk wanda kika ga dama, ko a ƙetare yake."

Sau ɗaya na taɓa tambayarta kai tsaye. Lokacin girbi ne, muna zaune a gindin tarin sha'ir muna hutawa, mu biyu kawai.

"Palkit, tsakanina da ke. Kin yarda yana Manali?"

Ta daɗe tana tsinke zangarniya da farce. "In a cikin ruwa yake," ta ce, "to duk shekarun nan kowa a kan tudu yana samun rabonsa, shi ban da shi. Ubansa yana ci, kakanninsa suna ci, shi yana tsaye yana kallo. Kuma ni na hana. Kin ga dalilin da ya sa ba zai yiwu a ce yana cikin ruwa ba."

Na gane kowace Losar da ta wuce tana ƙara wa abin nauyi, har ya kai ba ta iya ɗaga shi ko da ta so. Na miƙa mata gurasa, ta ce ta ƙone, ta cinye.

Muka tsufa. Uban Stobdan ya mutu, Stobdan ya gaji kai shimi, ya gaji kuma sanin sunan da ba a kira. Waɗanda suka yi tafiyar kogin tare da Morup suka ragu. Yara suka taso ba su san fuskarsa ba, kofin kawai suka sani.

Da kakar bana tari ya kama ta ya ƙi saki. Ta rame har rigarta ta koma kamar ta aro. Stobdan da matarsa suka dawo gidanta don su kula da ita da dabbobi, tunda dama su ne za su gaji gidan. Mutanen kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansu. Wata rana, ana saura kaɗan Losar, matar Stobdan tana goge kantar kwanuka ta sauko da kofuna duka ta wanke. Mai gyaran murhu ya zo, ta ɗauki kofi ta zuba masa shayi. Na Morup ne. Ba da gangan ta yi ba, daga wani kwari aka auro ta, kofi ne kawai a idonta.

Ina zaune a wurin. Na jira Palkit ta tashi gidan da masifa. Ta bi kofin da ido daga hannun mutumin zuwa bakinsa, ya sha, ya ajiye, aka ƙara masa. Ba ta ce komai ba. A tsawon zamana da ita ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba.

Saboda mutuwarta danginsu ba su yi Losar bana ba. An goge garin ginshiƙai, an kwashe awakin ƙullu an ba dabbobi. Kowane gida ya kawo itace daga ɗan abin da ya tanada, aka ƙona ta a wurin da aka same ta. Lamomi suka yi addu'ar mutum biyu, suka ɗora tsohuwar rigar Morup a gefenta, wadda asu ya riga ya cinye rabinta. Yangdol ta ƙetaro kan ƙanƙara da furfura a kanta, ta tsaya a baya, ta yi kukan da aka hana ta tun tana yarinya. Stobdan ya yi ta cewa da ta tashe shi da ya raka ta. Na ce masa ba ta so kowa ya ji muryarta ba ne lokacin da za ta kira sunan ɗanta.

Jajibirin Losar ɗin da rana, kwana ɗaya kafin mutuwarta, Palkit ta zo gidana. Ina kan rufi a inda rana ke bugawa, ina murza awakin ƙullu a faranti. Na ji tarinta tun daga ƙasan tsani. Ta daɗe kafin ta iso, ta zauna tana haki, ta ɗauki ɗaya daga cikin awakina ta juya shi.

"Wannan akuya ce ko ɓera?"

"In ba ki so ki ajiye. Naki na bara ai kamar karnuka suka fito."

Ta gyara masa ƙaho da yatsa, ta ajiye, ta ɗauki wani. Muka yi ta murzawa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gajeruwa, in na mutu, wa zai cika masa kofi?"

"Stobdan mana. Sai ki faɗa masa."

"Zai yi shekara ɗaya don kunya. Wataƙila biyu. Wa zai yi ta zuba wa mutumin da bai taɓa aiko ko gaisuwa ba? 'Ya'yansa ma ba za su san na wane ne ba." Ta yi tari, ta goge baki. "Amma na kan tudu ba a tsallake su. Ko wanda ya mutu tun kafin a haifi kakar Stobdan, ana kiran sunansa. Tsoro ake ji."

Na ajiye ƙullun hannuna.

"In na bar shi haka," ta ce, "ba ya cikin na gida, ba ya cikin na tudu. Kuma babu mai ƙarfin halin mayar da shi can in ba ni ba. Za su ce tsohuwa ta hana."

"Palkit..."

"Kada ki fara mini kuka, ƙullun zai yi gishiri. Faɗa mini, maigidanki in ya hau, me yake cewa?"

"Ba wani abu mai tsawo ba. Ya kunna fitila, ya kira suna, ya ce ga rabonka, ka ci. Sai ya sauko."

"Shi ke nan? Ya ajiye ya juya?"

"Sanyin wurin ba ya barin mutum ya tsaya."

"Na wasu ai kowace shekara suna samu. Nawa bai taɓa ci ba. Sai in dangwarar masa kamar kare in juya baya? Ko ba komai ya kamata a tsaya a ba shi haƙuri."

"Ki bar wa Stobdan, ki faɗa masa sunan kawai."

"Stobdan ya kira mini ɗa da wannan muryar tasa ta jaki? Yaron ai sai ya gudu."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ita ma ta yi, tari ya katse ta. Rana ta fara barin rufin, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"To in raka ki," na ce.

"Da waɗannan gwiwoyin? In ɗauki kwando in ɗauke ki?"

"To ki bi Stobdan, kada ki hau ke kaɗai. Kuma ki sa riga biyu."

"Uku zan sa, uwata." Ta juya ta fara laluben tsani da ƙafa. Da kanta kawai ya rage a sama, ta tsaya. "Gobe in na kira sunansa, gidana babu biki, kin sani. Nan zan zo in zauna."

"Ki zo. Zan ajiye miki wuri kusa da murhu."

"Ba gefen da hayaƙi ke bi ba, Gajeruwa. Na san halinki."